Ƙira ga wanda bai gaje ta ba: wuta, kayan aiki da littafin lissafi

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, kamar yadda abin yake a Kano ko Katsina, ƙira sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da zuga tun yana ƙarami, ya daɗe yana kallon hannun mahaifinsa kafin a yarda a miƙa masa masaba, wato gudumar ƙira, shi ya sa idan ya girma ba zai iya faɗa maka ranar da ya koyi gane launin ƙarfe ba, idonsa ne kawai ya saba. A duwatsun Mandara, wajen Mokolo, abin ya fi haka tsanani, domin maƙeran ƙabilar Mafa zuriya ce ta daban da ba ta auratayya da manoma, kuma kakanninsu daga baƙin yashin rafi suke tace tama su narka, kafin tsofaffin motoci su wadata ƙasar da ƙarfe. Wanda ya shigo ƙira da girmansa don sha'awa, ko malamin makaranta ne ko ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwa, ba shi da waɗannan shekaru na kallo. Abin da yake da shi bai wuce safiyar Asabar da ta Lahadi ba, kuma kwanakin da ke tsakanin wannan wuta da ta gaba sun isa su mantar da shi duk abin da ya lura da shi. Ni ma cikin irin waɗannan nake, kuma a ganina littafin rubutu da fensir su ne suke tsaya wa irinmu a madadin shekarun zuga.

Kafin ka sayi ko da ƙusa, ka je ka gaida maƙeran garinku. Ka nemi dattijon cikinsu, ka tafi da goro, ka faɗi gaskiya cewa sha'awa ce ta kawo ka, ba neman raba su da kasuwa ba. Ranar da na yi haka, dattijon ya dubi tafin hannuna ya ce, "Malam, wannan ai hannun alli ne. Zauna ka yi mana zuga tukuna." Na ce, "To, Baba." Har hantsi ya ɗaga ban taɓa guduma ba, amma a zaman nan na ga yadda ake tara gawayi da inda ake kwantar da ƙarfe a cikinsa, abin da na tabbata da na zauna a gida da sai na ƙona buhu guda kafin in gane.

Wurin aiki da wuta

Ka zaɓi rumfa mai rufin kwano wadda take buɗe ta gefe biyu aƙalla, nesa da zana da rumbu da duk inda ake tara kara. Inuwa ba don jin daɗi kaɗai ake nemanta ba: a tsakar rana ƙarfen da ya yi ja ba ya nuna jansa, sai ka yi ta zuga har ka ƙona shi. Buɗewar kuma dole ce, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma a rufaffen ɗaki tana kisa. A Garwa zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, don haka a watannin nan aikin safe ne kawai, daga bayan asuba zuwa hantsi. Hunturu ya fi daɗin ƙira, sai dai iskarsa tana ɗaukar tartsatsi zuwa gidan maƙwabci, saboda haka bokitin ruwa da tulin yashi su kasance kusa da hannu kafin a kunna ashana.

Murhun kansa ba ya cin kuɗi. Ka haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya, ka shafe shi da yumɓu ko ƙasar suri, ka ɗan ja bango a gefe ɗaya, ka zura bututun baƙin ƙarfe ta ƙasan bangon yadda bakinsa zai leƙo gefen ramin. Kada bututun ya zama irin mai farin shafe na tutiya da ake jan ruwan famfo da shi, kuma kada ka taɓa saka irin wannan ƙarfe a wuta, domin hayaƙin tutiya yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Iska kuwa, zuga-zugin fatar akuya ba shi da aibi sai dai yana bukatar mutum na biyu. Mai aiki shi kaɗai ya fi samun sauƙi da fankar da ake juyawa da tayar keke, irin wadda maƙera da yawa suka koma yanzu, ko kuma fankar tsohuwar mota da batir.

Gawayin ƙirya shi ne na maƙera, saboda nauyinsa da daɗewarsa a wuta. Ka farfasa shi ya koma girman goro, domin manyan gutsattsari suna barin iska ta wuce ta tsakaninsu ta sanyaya ƙarfe. Ƙarfen ya kwanta a tsakiyar tulin, da gawayi kamar yatsa huɗu a ƙarƙashinsa da wani a samansa. Idan ya kusanci bakin bututu iska za ta ci shi ya yi ta zubar da ɓawo. Gawayi ba abin wasa da shi ba ne a wannan yanki da itace ke ƙaranci, har gwamnatin Chadi ta hana cinikinsa a 2009 saboda kwararowar hamada. Tun ranar farko ka ware mazubi ɗaya, bokitin fenti ko tsohuwar tasa, ka riƙa auna gawayi da shi kana rubutawa.

Uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga, ba sai irin ta kanti mai ƙaho ba. Kan babbar guduma mai kilo 5 ko fiye, ko guntun gatarin babbar mota (sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi), ko tsohon ƙarfen dogo da aka saya ta halal a wajen masu gwangwan, kowanne ya isa idan aka kafa shi da kyau a kututture yadda ba zai motsa ba. Guntun dogo a tsaye ya fi shi a kwance, ko da yake fuskar ta fi ƙanƙanta, saboda nauyin duka yana ƙarƙashin bugu. Maƙeran gado a zaune suke aiki, amma wanda ya saba da kujera gwiwarsa da bayansa ba za su jure ba, gara ya tsaya, ya daidaita fuskar uwar maƙera da ƙullin hannunsa idan ya saki hannun ƙasa. Guduma mai giram 800 zuwa kilo 1 ta ishe ka. Mai nauyin da ya wuce haka gwiwar hannu yake lalatawa, kuma bugun da ya sauka inda ake so ya fi bugu mai ƙarfi amfani. Tufafin auduga, takalmin fata rufaffe da tabarau na kariya wajibi ne, domin yadin leda yana narkewa ya manne a fata, silifa kuwa ba ta tare komai.

Sanin ƙarfe da launinsa

Ƙarfen gwangwan iri-iri ne, kuma abin da ya bambanta shi shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. Rodin gini da ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi kabon ɗinsu kaɗan ne, suna da sauƙin bugu amma ba sa riƙe kaifi. Sifirin mota yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya sa maƙera ke yin adda da wuƙa da gatari da shi. Tsohon magagari ya fi shi, yakan kai kashi 1 ko ya ɗan wuce, yana yin kaifi sosai amma saurin tsagewa gare shi. Idan ka sami ƙarfen da ba ka sani ba, ka buga ɗan bakinsa ya yi siriri, ka gasa shi ya yi ja, ka tsoma a ruwa, sannan ka goga masa magagari. Idan magagarin ya zame bai ci ba, ƙarfen yana taurara. Idan ya ci, na ƙugiya da awartaki ne. Ka sa wa kowane ƙarfe lamba da fenti, ka rubuta lambar a shafin farko na littafinka tare da inda ka samo shi da sakamakon gwajin.

Launi shi ne ma'aunin zafi na maƙeri. A inuwa ƙarfe yakan fara nuna ja mai duhu wajen digiri 600 zuwa 700, ya yi ja sosai wajen 800, ya koma ruwan goro wajen 900 zuwa 1,000, sannan rawaya, sannan fari. Ana bugu tsakanin rawaya da ruwan goro, a daina idan jan ya fara duhu. Sifirin da aka ci gaba da bugu bayan ya huce yakan yi tsaga a ciki wadda ba ta fitowa sai ranar taurarawa. Idan kuwa ka ga ƙarfe yana watso farin tartsatsi daga cikin wuta, ya ƙone, wannan sashen sai dai a yanke shi. Akwai ma'auni ɗaya da ba ya dogara da ido: a digiri 770 maganaɗisu yana daina kama ƙarfe. Ka ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ka ɗaure shi a bakin waya mai tsawo. Sannan ka riƙe wannan: ƙarfen da ya koma baƙi bai huce ba, kuma yawancin ƙunar maƙera daga baƙin ƙarfe take zuwa. Duk abin da ka ajiye da zafi ka ajiye shi wuri ɗaya a ƙasa, ka sanar da mutanen gida.

Daga ƙugiya zuwa kurfi

Aikin farko ƙugiya ce ta rataye kaya, domin ba ta bukatar awartaki. Ka ɗauki rodi mai kaurin milimita 8 ko 10 da tsawon santimita 60, yadda za ka riƙe ƙarshensa da hannu. Ka gasa bakin, ka ɗora shi a gefen uwar maƙera, ka buga sau biyu ko uku, ka juya shi kwata, ka sake bugawa, har ya yi tsini mai kusurwa huɗu. Sai ka buge kusurwoyin su zama takwas, sannan ka mulmule shi. Wanda ya nemi mulmulalle kai tsaye bakin ƙarfensa zai dare biyu. Ka lanƙwasa, ka yanke, ka sake wata. Ka yi guda goma iri ɗaya kafin ka wuce, kana ƙirga sau nawa kowacce ta shiga wuta. Wannan ƙirga ita ce ginshiƙin littafin, zan kuma dawo kanta.

Kurfi, wato ƙarfen da ake bugawa da guduma a yanka wani ƙarfe, shi ne kayan aiki na farko da za ka ƙera wa kanka, kuma a kansa ake koyon abin da ya fi komai wuya a ƙira. Ka sami naɗaɗɗen sifirin na ƙafar mota mai kaurin milimita 14 zuwa 16, ka gasa ka miƙar da kamar santimita 18. Ka baje baki ɗaya ta gefe biyu ya yi faɗi, kana gyara gefunan kada su buɗe da yawa. Idan siffar ta fito, kada ka yi gaggawar tsoma shi. Ka gasa shi har maganaɗisu ya sake shi, ka ajiye ya huce a iska, ka maimaita sau biyu ko uku. Wannan yana daidaita cikin ƙarfen bayan wahalar bugu, kuma yawan tsallake shi ne ke sa kayan masu koyo karyewa. Bayan ya huce sai ka gyara bakin da magagari, tun yana da laushi.

Taurarawa tana bukatar mai a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Man gyaɗa ko man auduga, wanda ba ya wuyar samu a Garwa da Marwa tun da nan ake tatsarsa, kowanne ya yi. Ban yarda da baƙin man inji ba, saboda hayaƙinsa ƙazami ne. Ka ɗan ɗumama man ta hanyar tsoma wani guntun ƙarfe mai zafi. Sai ka gasa kamar yatsa uku na bakin kurfin a hankali, har maganaɗisu ya sake shi, ka ƙara masa zafi kaɗan, ka tsoma rabin wurin da ya yi ja a cikin mai kana ɗaga shi sama da ƙasa kaɗan-kaɗan. Idan man ya kama da wuta, murfi ake rufawa, ba a zuba ruwa. Da bakin ya yi baƙi ya daina tafasa man, ka fito da shi, ka yi maza ka goge fuskarsa da guntun dutsen wasa wuƙa har farin ƙarfe ya bayyana.

Yanzu bakin ya taurara, amma taurin gilashi ne, bugu ɗaya zai farfasa shi. Zafin da ya rage a jikin kurfin shi zai gangaro ya sassauta wannan tauri, kuma za ka ga gangarowarsa da idonka a wurin da ka goge. Launuka za su taho a jere zuwa baki: na gaba kamar busasshiyar ciyawa, wato wajen digiri 220, bayansa ruwan ƙasa wajen 250, sai shunayya wajen 280, sai shuɗi wajen 300. Kurfin yanka ƙarfe yana son ruwan ƙasa mai shiga shunayya. Da wannan launi ya iso bakin, ka nutsar da kurfin duka a mai ka bar shi ya huce. Idan shuɗi ya riga ka isa, bakin ya yi laushi, sai a sake daga farko. Ƙeyar kurfi, inda guduma ke sauka, ba a taurara ta ko kaɗan, domin tauri biyu idan suka haɗu ɓarɓashi ke tashi, kuma ido yake nema. Mahuji, wato ƙarfen huda, haka ake yin sa, sai dai bakinsa mulmulalle ne mai faɗin milimita 6 zuwa 8.

Awartaki da wuƙa

Da kurfi da mahuji a hannu, awartaki ya samu. Ka yanki rodi biyu masu kaurin milimita 14 da tsawon santimita 45. A kowanne ka baje bakin ya zama muƙamuƙi, ka juya shi kwata zuwa hagu ka baje wurin da ƙusa za ta shiga, ka sake juyawa hagu ka fara jan mariƙin. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya ƙera ɗaya na dama ɗaya na hagu kamar takalmi. Dukansu biyu iri ɗaya ake yi, juyi ɗaya, sai an kifa ɗaya a kan ɗaya suke haɗuwa. Ka huda da zafi: ka buga mahuji har ya kusa fita, ka juya, ka buga ta inda tabon ya nuna, kana tsoma mahujin a ruwa bayan kowane bugu uku. Ka sa ƙusa ka daddale kanta, ka gasa mahaɗin ka yi ta buɗewa da rufewa har ya saki, sannan ka gasa bakin ka matse shi a kan irin ƙarfen da zai riƙa kamawa. Awartakin da bai kama da kyau ba shi ke harbo jan ƙarfe, don haka gara ka yi uku masu baki daban-daban da ka tilasta wa ɗaya.

Wuƙa kowa ita yake ɗokin yi, amma ta jira sai bayan waɗannan. Daga falle na sifirin ake yanko ta. Yayin da kake baje gefen kaifi, ruwan wuƙar zai riƙa lanƙwashewa baya, don haka ka fara lanƙwasa shi gaba kaɗan. Kada ka wasa ta kafin taurarawa, ka bar bakin da kaurin kamar milimita 1. Wuƙata ta farko a ruwa na tsoma ta, saboda na ga maƙera suna yin haka da fartanya. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara, da na ɗago ta ga tsaga uku a bakin, aikin Asabar biyu ya tafi. Maƙerin gado ya san daƙiƙar da zai fito da ƙarfe daga ruwa, kai ba ka sani ba, saboda haka ka tsaya a mai. Sassautawa kuma ta gadon baya ake yi, a ɗora wuƙar a kan ƙarfe mai zafi har launin busasshiyar ciyawa ya iso kaifi. Daga nan hanya ta buɗe zuwa lauje da fartanya da bakin sandar da manoman Diyamare, yankin Marwa, ke huda ƙasa da ita lokacin dashen masakwa, wato dawar rani.

Yadda ake riƙe littafin

Littafin 'yan makaranta mai kauri ya isa, a rataye shi a ƙugiyarka ta farko, da fensir ɗaure a jikinsa. Waya ba ta dace da nan ba sai don duba agogo, domin hannu mai gawayi da zufa ba ya taɓa gilashi. Kowane zama ya sami shafi guda. A sama ka rubuta kwanan wata da abin da ka yi niyyar yi, sannan lokuta huɗu: sa'ad da ka shigo rumfa, sa'ad da ƙarfe ya fara shiga wuta, sa'ad da ka ajiye guduma, da sa'ad da ka fita. A ƙasa ka rubuta lambar ƙarfe, yawan gawayi, yawan wuta, abin da aka tsoma a ciki, launin da aka tsaya a kai, da abin da ya ɓaci.

Yawan wuta, wato sau nawa ƙarfe ya shiga murhu ya fito, ya fi agogo faɗin gaskiya. Awa tana ƙaruwa saboda baƙo ya yi sallama ko iska ta hana wuta kamawa, amma yawan wuta hannunka kaɗai yake aunawa. Tun da ba za ka iya rubutu a tsakiyar bugu ba, ka ajiye ƙoƙo biyu da ƙwallayen dabino a ɗaya, duk sanda ka mayar da ƙarfe wuta ka jefa ƙwallo ɗaya a ɗayan, ka ƙirga a ƙarshe. Ƙugiyata ta farko ta ci wuta 14, ta goma ta ci 5, kuma ba don ƙwallayen ba da sai in rantse babu abin da ya canza, tun da duka biyun a idona karkatattu ne. Kowace wuta tana cin gawayi tana kuma cin ƙarfe ta hanyar ɓawon da yake zubarwa, don haka raguwarta riba ce ta fuska biyu.

Lokutan nan huɗu kuwa abin da suke tonawa ba shi da daɗi. Ga misali daga wani shafi nawa: na shiga da ƙarfe 6:10, ƙarfe bai shiga wuta ba sai 6:50, na ajiye guduma 8:40, na fita 9:10. Awa uku ke nan, amma minti 40 sun tafi a farfasa gawayi da neman ashana da lalubo awartaki, minti 30 a kwashe-kwashe. A cikin minti 110 da suka rage ƙarfe ya shiga wuta sau 36, kuma tun da siririn ƙarfe ba ya riƙe zafin bugu fiye da rabin minti ko ɗan sama da haka, bugun kansa bai wuce minti 25 ba. Wanda yake cewa ya yi wata shida yana ƙira, idan ya tara irin wannan lissafi zai tarar hannunsa bai yi kwana ɗaya cur a kan guduma ba, sai ya daina zargin kansa da rashin baiwa. Gyaran kuma a fili yake. Gawayi a farfasa shi tun daren Juma'a, kowane kayan aiki ya sami ƙugiyarsa, a kuma riƙa saka ƙarfe biyu a wuta, ana bugun ɗaya ɗayan yana gasuwa, amma sai bayan ido ya saba, in ba haka ba na biyun zai ƙone. Mafi muhimmanci, ka yanke shawarar inda guduma za ta sauka tun ƙarfe yana cikin wuta, domin wanda ya fito da ƙarfe sannan ya tsaya tunani ya yi asarar wutar.

Aikin magagari da wasawa da saka ƙota a rubuta lokacinsu daban. Idan ka ga wuƙa ta ci awa ɗaya a wuta amma awa huɗu a goge-goge, littafin yana gaya maka cewa bugunka ne bai daidaita ba, kana barin ramuka da magagari ke biya. Wurin rubuta abin da ya ɓaci kuma kada a cika shi da "bai yi kyau ba". A rubuta takamaimai: ƙarfe mai lamba 3, an tsoma a mai mai sanyi, ya karkata hagu, ko kuma an tsaya a shuɗi, bakin ya lanƙwashe a rodi. Kayan da ka ba wani ma ka bi sawunsa. Idan ka ba maƙwabci lauje, ka bar sarari a shafinsa, bayan girbi ka tambaye shi ko ya dakushe da wuri ko ya gutsure, domin dakushewa tana nufin an sassauta da yawa, gutsurewa kuma ba a sassauta sosai ba.

A ƙarshen kowane wata ka tara awoyi da gawayi na kowane irin aiki a shafin baya. A nan ne za ka ga abin da fartanya ɗaya ta ci maka, ka kwatanta da farashinta a kasuwa, ka gane cewa maƙeran gado suna sayar da ita ƙasa da kuɗin gawayin da kai ka ƙona. Ra'ayina shi ne mai sha'awa ya yi kyauta da abin da ya ƙera ko ya yi amfani da shi a gida, kada ya karya wa masu ci da sana'ar farashi. Wata rana na nuna wa dattijon nan littafina, ya juya shafukan ya ce, "Malam, mu namu a ka yake." Sai kuma ya tambaye ni gawayi nawa gatari ya ci mini, da na faɗa ya yi dariya ya ce in rage zuga idan ƙarfe yana kan uwar maƙera. Na rubuta, kuma a watan da ya biyo gawayin ya ragu.

Idan za ka tashi, ka baje gawayin da ya rage ka yayyafa masa ruwa, ka shanya shi don zama na gaba, ka kwashe kashin maƙera, wato narkakken dattin da wuta ke tarawa, daga bakin bututu tun bai daskare ba, ka rufe man, ka zagaya rumfar ka tabbata babu abin da ke hayaƙi. Sannan, tun kafin ka wanke hannu, ka buɗe sabon shafi ka rubuta aiki na farko da za ka yi ranar Asabar mai zuwa da lambar ƙarfen da za ka yi shi da shi, ka ɗauko ƙarfen ka jingine shi a bangon murhu.